Ranar da Na Kifar da Kawu a Wurno

Duk abin da zan manta a duniya, ba zan manta ranar da na ɗauki Kawu Bawa a motata ba. Zamanin Turawa ne, lokacin motocin da ke bin hanyar Rabah ba su kai yatsun hannu ba.

Kawu shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Baduku ne a Goronyo, mai haɗa sirdi, kuma burinsa in gaje shi. Ni kuwa ƙamshin fetur ya ɗauke mini hankali, na gudu na zama karen mota. Tun daga nan bai ƙara ce mini "Allah ya yi maka albarka" ba. Gaisuwa yana amsawa, amma wannan kalmar ya riƙe ta, ni kuma ita nake nema ruwa a jallo.

Sai wani Bature mai awon auduga zai koma gida, ya bar mini tsohuwar motarsa, irin doguwar nan mai katako a jiki da ƙofa ta baya. (Na ce mota ne don mutunci. Gara ta ci rabonta, ɓeraye sun ci nasu, kujerar baya babu ita sam.) Na ji labarin wata mota da ta faɗa kwari a hanyar Gandi, na je na ciro kujerarta, da madubi, da mariƙin ƙofa. Kujerar ta shiga daidai, amma ramukan notinta ba su haɗu da na motata ba. Maƙeri ya ce in jira ya huda sababbi bayan ya gama garmunan mutane. Ina ni ina jira?

Sai jinin dukanci ya motsa. Na samo kiri, igiyar ɗanyar fata, na jiƙa na ɗaure ƙafafun kujerar da ƙarfen ƙasan mota, irin ƙullin da Kawu ya koya mini. Da ya bushe ya kama tamau, ko raƙumi ba ya girgiza ta. Na rufe ta da jar fatar akuya. Wallahi har tsayawa nake yi ina kallonta ni kaɗai.

A lokacin Kawu ya tsufa, ido ya yi rauni, yana ta faɗin yana son ya ziyarci hubbare a Wurno kafin ta Allah ta kasance. Na je na durƙusa na ce zan kai shi.

"Cikin mi?" ya ce.

"Cikin motata, Kawu."

Sai ya ce a ɗauko masa rawaninsa na Juma'a. Ya shiga, ya shafa fatar kujerar da tafin hannu, na ga ya gyara zama. Zuciyata fari tas.

Damina ce. Muna barin Goronyo ruwa ya sauko, hanya ta zama gulbi, ruwa yana feso mana ta hujojin ƙasan mota. Ni ina ta fama da sitiyari, ko sau ɗaya ban tuna abin da kowane ɗan baduku ya sani ba: kiri in ya sha ruwa sakewa yake yi.

Muka iso Wurno an ɗauke ruwa, mutane sun fito cike da bakin hanya suna kallon mota. Ga hawa a gabana. Maimakon in bi a hankali, sai na danna ƙaho (don a san ɗan wa ya zo), na taka mai. Sai na ji ƙara a bayana, da salati. Na waiga ban ga Kawu ba, sai tafin ƙafafunsa biyu suna kallon rufin mota. Kujera ta kife da shi, ƙofar baya ta buɗe, rawani ya gangara cikin taɓo yana warwarewa.

Wasu suka yi salati, wasu suka kasa riƙe dariya. Aka taru aka ciro dattijo, kai babu hula, gaban mutanen da suka san shi tun yana kawo sirdi kasuwarsu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Laluba ƙafar kujerar ya yi, ya kama kirin da ya yi laushi kamar hanji.

"Kai kaɗ ɗaure wanga?"

"Ni na, Kawu."

"Ƙullin ya yi," ya ce a hankali. "Amma kai yaro, ka baro fata ka koma ƙarhe, ran da anka so ƙarhe kuma ka kawo fata."

Da ƙafa ya ƙarasa hubbare, da rawanin aro. A kan jaki ya koma Goronyo, ina bin sa a baya da motar da babu kowa a ciki. Kafin a yanke gero ya rasu. Albarkar da nake jira ban ji ta daga bakinsa ba, "ƙullin ya yi" shi ne rabona, shi nake riƙe da shi har yau.

Maƙeri kuwa, da na koma, wuni guda bai cika ba ya huda ramukan. Tun daga nan in aka ce mini jira, sai in nemi inuwa in zauna.