Ranar da Inna Biyu Suka Amsa Min

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin Lahadin da ta wuce ba. Har yanzu in aka buga ƙofa da ƙarfi sai in zabura.

Ni dai ɗinki nake koya a shagon Anti Ladi a Samaru tun da na gama sakandare. Wasu ɗalibai masu wasan kwaikwayo suka kawo mana ɗinkin kayan wasansu, ni ke kai musu wurin gwaji, har na haddace labarin ba tare da na sani ba. Labarin wata duniya ce ta ƙirƙira, inda kowane abin bauta yake da jarumi mai yi masa yaƙi, rabi mutum rabi ba mutum ba (wasa ne fa, astagfirullah, na gaji da yi wa Baba wannan bayanin). Babbar jarumar ita ce Zarwa, 'yar Inna Mai Hadari, wadda in ta kira uwarta sai tsawa ta faɗo wa abokan gaba.

Da mai fitowa a Zarwa ta tafi gida jinya, sai na ce zan iya. Yaya Sani, shugabansu, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke tela? Kin san mutane za su cika wurin nan?"

"Yaya, gwada ni."

Ya gwada ni, ya ba ni. Abu biyu ne ban faɗa masa ba. Na ɗaya, tun ina ƙarama ba abin da nake tsoro kamar tsawa. Da an fara walƙiya ina bayan mahaifiyata. Na biyu, ita ma mahaifiyar tawa Inna muke ce mata.

Ranar wasa Inna ta taso tun daga Basawa da sabon mayafinta, na nema mata kujera a layin gaba (da hannuna fa, ba wanda ya sa ni). Komai ya tafi daidai. Na sha sulken kwali, ga takobin katako, ga kwalli har kunne. Aka zo wurin da Dauda, mai fitowa a jarumin Sarkin Duhu, ya tare ni fuska duk gawayi. A nan zan ɗaga takobi in yi kira, Bitrus kuma ya girgiza fallen kwano a bayan labule a matsayin tsawa. Ban san hadari ya haɗu a waje ba.

Na buɗe murya: "Inna! 'Yarki na kira, ki amsa!"

Ba Bitrus ne ya amsa ba. Wata tsawa ta gaske ta tsaga rufin, wuta ta ɗauke, tagogi suka yi ƙara. Ni Zarwa, 'yar tsawa, na yar da takobi, na ƙwalla "Wayyo Inna!" na shige ƙarƙashin karagar da muka yi da teburin guga.

Sai ga murya daga layin gaba: "Na'am! Ga ni nan, Auta! Toshe kunnenki!"

Kafin a ce me, Inna ta haye dandamali, takalmi ɗaya a ƙafa. Mutane suka haska wayoyi. Ta jawo ni, ta lulluɓe ni da mayafi tana tofa min addu'a, sannan ta juya kan Dauda.

"Kai kuma mai baƙar fuska, matsa can! Yarinya na tsoro kana tsaye mata a ka da gatari!"

"Yi haƙuri Mama," in ji jarumin Sarkin Duhu, har da rusunawa.

Dariyar da aka yi ta fi tsawar ƙara. Wani daga baya ya ce, "Wallahi wannan Innar ta fi waccan saurin amsawa!" Ni kuwa ina cikin mayafi ina roƙon ƙasa ta tsage.

Washegari Yaya Sani ya ce wata zai ba wa Zarwa a wasan da za su yi a Sabon Gari ranar Asabar. Na yi kuka a bayan keken ɗinki, na share, na same shi.

"Yaya, tsoro na ji, ban musa ba. Amma ko kalma ɗaya ban manta ba. Ka ƙara min dama."

"In aka sake tsawa fa?"

"Zan tsaya. Ko ina rawar jiki zan tsaya."

Tun ranar, duk hadarin da ya taso sai in fita bakin shago da muciyar Anti Ladi, in ɗaga ta sama ina karanta maganata. Masu acaɓa sun fara kirana Zarwa. Jiya Yaya Sani ya wuce ya same ni a haka, jiƙe sharkaf, ban gudu ba. Ya ce to, na ci. Ya kuma sauya wa uwar tawa ta wasa suna zuwa Gimbiyar Hadari.

Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Su sa mata sunan da suke so. Ni dai in na ji muryarki ta canja, hawa zan yi."

Gobe ce Asabar, gabas kuwa ta yi baƙi. Zan hau. Abin da na koya shi ne, in za ki kira uwar aljanu a bainar jama'a, ki fara duba inda taki uwar take zaune. Na nema mata kujera a layin ƙarshe, kusa da Anti Ladi, mai ƙarfin hannu.