Inji na Jiha, Salansa ta Tarayya

Da Zayyanu ya dawo Tungar Maje bayan shekarun da ya kwashe yana gararamba tsakanin Kwatano da Agadas, sai ya tarar garin bai jira shi ba. An sare tsamiyar bakin tasha, an kafa rumfar masu cajin waya a gurbinta. Filin da suke buga ƙwallo ya zama gidan mai, wanda har yau ba a taɓa ganin mai a cikinsa ba. Abokansa duk sun ajiye tumbi, hirarsu ba ta wuce kuɗin makaranta da maganin hawan jini. Yaran da ya bari ba wando su ne yanzu ke danna masa hon a kan babur suna cewa, "Baba, ɗan matsa."

Amma babban sabon abu yana can kwanar gari, inda titin jiha ya haɗu da babban titin tarayya. An shafa farin fenti an ja layi a tsakaninsu, an kafa rumfa biyu suna kallon juna. Ta wannan gefe ma'aikatan jiha ne masu koren kaya, ta wancan gefe na tarayya masu shuɗi. Jiha ta ce hayaƙin da mota ke fitarwa mutanenta ke shaƙa, saboda haka ita za ta auna shi, ita kuma za ta ba mota lamba. Tarayya ta ce iska ba ta san iyakar jiha ba, awo da lamba duk nata ne. Magana ta tafi kotu ta samu wuri ta zauna. Kafin a yanke hukunci, kowa ya sayo na'urar awonsa da katako mai ƙusoshi.

Zayyanu bai yi sati a gida ba ya fara leƙen tasha yana tambayar motocin arewa. Ƙanin mahaifinsa, Baffa Ilu, ya lura. Ya kira shi zaure, ya ajiye masa makulli a kan tabarma.

"Ga a-kori-kurar ubanka can a bayan gida, tun rasuwarsa kaji ke ƙwai a cikinta. Ka tashe ta, ka nemi abincinka da ita. Mahaifiyarka ta gaji da rungumar waya tana jiran kiran da ba ya zuwa."

Zayyanu ya juya makullin a hannu. A motar nan ya koyi tuƙi yana ɗan yaro, a kan cinyar mahaifinsa.

"Baffa, in ta ba ni abin yi, na zauna. Na yi alkawari."

Kuma da gaske yake. Ya shige ƙarƙashin motar ya yi ta fama, ya fito baƙi ƙirin, har ranar da ta yi tari ta tashi, kajin suka watse suna zaginsa. Mahaifiyarsa ta yi guɗa daga cikin gida. Baffa Ilu ya ce to, aikin farko nasa ne: tumatirin fadamarsa ya nuna, a kai shi kasuwar Laraba kafin rana ta yi zafi. Aka loda kwanduna har saman ƙarfe. Fadamar tana bakin titin tarayya, kasuwar kuwa sai an karya kwana an shiga titin jiha.

Duk direban garin ya san dokar kwanar nan, ko da yake ba a rubuta ta a ko'ina ba. In aka ɗaga maka hannu, ko dai ka tsaya kafin layi, ko ka bar mota ta mirgina ta haye shi gaba ɗaya, ka zama na mutum ɗaya. Zayyanu kuwa a iyakokin sahara ya yi karatunsa, inda in mai kaki ya ɗaga hannu ba ka ƙara ko taku ɗaya. Yana karya kwana wani gajere mai koren kaya ya ɗaga hannu. Zayyanu ya taka birki nan take. Motar ta tsaya cak, tayoyin gaba a titin jiha, na baya a titin tarayya, farin layi ya bi ta ƙarƙashin cikinta.

"Kashe mota, direba," in ji gajeren, wanda ake kira Oga Sallau. "Awon hayaƙi."

"To, yallaɓai. A auna, ina sauri ne, kayan gwari na ɗauko."

Oga Sallau ya ɗauko na'urarsa mai kama da rediyo da dogon tiyo, ya nufi bayan mota. Yana isa bakin layi sai wata murya ta fito daga rumfar shuɗi.

"Sallau, ina za ka da tiyon nan?"

Wani dogo ne, Oga Mamuda, shugaban rumfar tarayya, ya taso yana gyara hula.

"Salansa zan auna," in ji Sallau.

"Dubi ƙasa tukuna. Salansar a titin wa take?"

"Injin da ke dafa hayaƙin a titinmu yake."

"Ya dafa a naku, amma a namu yake juyewa. Tiyonka ya haye layin nan, sai dai mu haɗu a gaban alƙali."

Zayyanu ya sauko yana murmushi, don ya ɗauka raha ce irin ta abokan aiki.

"Yallaɓai, abu mai sauƙi. Tunda salansar a wajenku take, ku ku auna mana."

"Ka ga mai hankali," in ji Mamuda. Ya sa aka kawo tasu na'urar, ya durƙusa ya zura tiyo a salansa. "Yawwa. Je ka tayar da mota."

Zayyanu ya kai hannu ga ƙofa, sai ya tarar Oga Sallau ya jingina da ita ya harɗe hannu.

"Babu injin da zai tashi a kan titin jiha ba tare da shaidar awon jiha ba."

"Haba yallaɓai, ai yanzun nan kai ka ce in kashe ta!"

"Na ce ka kashe. Ka ji na ce ka tayar?"

Murmushin Zayyanu ya ɗan ragu. Ya dubi rana, ya dubi kwanduna.

"To a taimaka a turo ta gaba kaɗan, ta shigo wajenku duka."

Kafin ya rufe baki Mamuda ya shimfiɗa katakonsa mai ƙusoshi a gaban tayoyin baya.

"Mota ba ta barin titin tarayya ba awo."

"To a mayar da ita baya."

Sallau ya jawo nasa katakon ya cusa a bayan tayoyin gaba.

"Ta shigo jiha ta fice ba awo? Wannan gudu ke nan, laifinsa daban."

Katako biyu suka kwanta a ƙarƙashin motar, kafaɗa da kafaɗa, layi a tsakaninsu. Mamuda ya leƙa lambar baya ya ce tsohuwa ce, sai an sauya ta a wajensu. Sallau ya leƙa ta gaba ya ce haka ne, tsohuwa ce, sai an sauya ta a wajensu.

"Mota ɗaya, lamba iri biyu?" in ji Zayyanu.

"A'a," in ji Sallau. "In muka ga tasu a jikinta, mu kama."

"Mu ma haka," in ji Mamuda. Wannan ne abu na farko da suka yarda da juna a kai.

Zayyanu dai ba yaro ba ne, ya ga duniya. Ya ja Oga Sallau gefe, ya sassauta murya, ya ce ko akwai ɗan abin goro da za a sa a baki a huce. Sallau ya yi tsalle baya kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Rufa mini asiri! Waiwaya ka gani."

Ya waiwaya. Ma'aikatan rumfar shuɗi duk sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Ya koma wajen Mamuda, sai na rumfar kore suka ɗaga nasu. Ashe tun da aka shiga kotu kowane ɓangare ke jiran ɗayan ya miƙa hannu, ya samu abin nuna wa alƙali. Duk yawon da Zayyanu ya yi bai taɓa ganin shingen da ake ƙin goro ba. Sai ga shi gaskiya ta sauka a garinsu, kuma ba ta zaɓi ranar sauka ba sai ranar tumatirinsa.

Rana ta take. Jama'a suka taru, kowa da shawararsa. Wani mai walda ya ce a ba shi dama ya lanƙwasa salansar ta fito ta gaba, kowa ya huta. Mamuda ya ce salansar yanzu shaida ce a hannun tarayya, wanda ya taɓa ta ya taɓa ƙasa baki ɗaya. Kwandunan ƙasa suka fara tsiyaya, jan ruwa na ɗiga a kan kwalta, ƙudaje suka zo gaisuwa.

Da aka kira azahar, Sallau ya leƙa rumfar shuɗi ya ce, "Mamuda, ara mini buta." Suka yi alwala tare, suka tsaya sahu ɗaya, Zayyanu a tsakiyarsu. Da aka sallame suka zauna a inuwar motar suka buɗe kwano guda na shinkafa da wake.

"Bismillah, direba," in ji Mamuda. "Sa hannu mana. Kada ka ɗauka da zafi, aiki ne."

"Yallaɓai, tunda kuna cin kwano ɗaya, ba za ku iya auna hayaƙi ɗaya ba?"

"A'a," in ji Sallau da loma a baki. "Shinkafa ba ta kotu."

Can Baffa Ilu ya iso a bayan babur, labari ya kai masa. Ya zagaya motar, ya sunkuya ya dubi layin, ya miƙe ya riƙe ƙugu.

"Kai ɗan nan! Duk faɗin titin nan ka rasa inda za ka tsaya sai a kan layi?"

"Baffa, hannu aka ɗaga mini na tsaya."

"Shi ke nan kuma sai ka tsaya? Me kuke koyowa ne a ƙasashen wajen nan?"

Aka roƙi Mamuda ya yarda a sauke kaya, tunda bodin motar a gefensa yake. Ya yarda bayan ya buga waya sama an buga masa. Kafin a samo amalanke a kai kasuwa, 'yan sari sun loda motocinsu sun tafi. Abin da bai narke ba mata masu markaɗe suka kwashe a yadda suka ga dama, sauran awaki suka yi walima.

Da yamma Zayyanu yana tsaye jikin motar ya ga an tashi aiki. Kowace rumfa ta bar mai gadinta. Oga Mamuda ya tayar da wani tsohon babur, Oga Sallau ya haye bayansa, don ashe unguwarsu ɗaya. Suka wuce suna ɗaga masa hannu, hayaƙin babur ɗin ya rufe kwanar har sai da mai gadin jiha ya yi tari.

Washegari ya dawo, aka ce a jira kotu. Jibi ya dawo, aka ce an ɗage zama. Ya je ofishin jiha a birni, suka ce ya kawo motar su gani. Ya je na tarayya, suka ce ya kawo motar su gani. Ya zama kullum da safe sai ya wanke fuska ya tafi kwana, a gaisa, a ba shi benci, a tambaye shi jikin mahaifiyarsa. Har sabon ma'aikaci ya taɓa sara masa, ya ɗauka wani babba ne cikin farin kaya.

Motar kuwa ta samu gata. Da damina ta kawo kai, Sallau ya sa aka lulluɓe kan injin da tamfol, kada a ce shaidar jiha ta yi tsatsa. Mamuda da ya ga haka ya sa aka ba tayoyin baya iska, aka wanke bodi da sabulu. Sallau ya goge gilashin gaba. Mamuda ya sauya fitilar baya da ta fashe tun zamanin marigayi. Ranar da manya za su zo dubawa, kowane ɓangare ya share rabinsa tas, ya tsaya daidai kan layi. Daga baya aka ji an yi wa alƙalin canjin wurin aiki, sabon da ya zo ya ce a fara daga farko.

Ranar da labarin ya iso, Zayyanu ya shiga ɗaki ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado ya karkaɗe ta. Mahaifiyarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana ninke riguna. Ta juya ta dawo da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji, ta tura a gefen jakar, ta aika a kira Baffa Ilu.

Baffa ya shigo ko takalmi bai cire ba.

"Me nake gani haka? Ina alkawarin da ka yi mini a zaure?"

"Baffa, cewa na yi in ta ba ni abin yi. Abin da ta ba ni shi ne zaman benci."

"Ka ƙara haƙuri mana! Kotu ai za ta yanke wata rana. Yanzu kai ko kunya ba ka ji, ka sa ƙafa ka tafi ka bar motar ubanka a kan titi? Wa zai kula da ita?"

Zayyanu ya ja zif ɗin jaka, ya rataya ta a kafaɗa.

"Baffa, ita gwamnati biyu ke kula da ita dare da rana. Ni ne dai ba ni da ko ɗaya."