Sharhin Ƙarshe na Malam Rafi'u

Jama'a, ranar Juma'a na ci kwalliya na tafi kallon wasan kwaikwayo, na dawo da ciwon baya da jawabi tara a kunne. Wasan kuwa minti shida na gani. Ina ma godiya, don waɗanda suka fita sabunta alwala ko hakan ba su samu ba.

Maƙwabcina a unguwar Madain Fahd ta Jidda, Malam Rafi'u, turare yake sayarwa a kasuwar Balad, amma ba da turare aka san shi ba. Shekara talatin ke nan, duk wasan da Hausawan Jidda suka shirya za ka gan shi a layi na uku da ɗan littafinsa. Da a takarda yake buga sharhinsa a raba a shaguna, yanzu ta waya. Ba ya raga wa kowa, kuma dokarsa ɗaya ce: ba ya sharhin wasan da bai ga ƙarshensa ba. To, kafilinsa, maigidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya rufe shago, iƙama, wato takardar zama, ta ƙare, Alhamis mai zuwa zai bar ƙasar.

Wadda abin ya fi damu ita ce Mastura, tela a unguwar Kurayyat. Shekara tara da suka wuce ta fito a wani wasa, Malam ya rubuta cewa kukanta irin na mai yanka albasa ne. Har yau ba ta huce ba. Ta rubuta nata wasan, wata shida suna gwaji, don kawai ta ji ya ce madalla kafin ya hau jirgi.

Sai Kwamitin Raya Al'adu na unguwarmu, Allah ya ƙara masa kujeru, ya ce zai haɗa wasan da bikin karrama Malam. Aka kama ɗakin taro daga la'asar zuwa isha'i, saboda bayan nan na masu biki ne.

Kun san tsarinmu, ba a fara komai sai Uban Taro ya iso. Manyan kujerun gaba suka yi awa biyu suna kallon labule su kaɗai. Ya shigo gab da magariba, muka miƙe, muka zauna, muka fita salla. Da muka dawo Mai Girma Shugaba ya ce ba zai tsawaita ba, ya yi minti ashirin. Mai Girma Mataimaki ya ce Shugaba ya gama faɗin komai, sannan ya maimaita komai.

Na duƙa na ce, "Malam, me kake ta rubutawa? Ai ba a fara ba."

Ya ce, "Wa ya gaya maka? Dubi Mataimaki yadda yake dafe ƙirji. An fara tun ɗazu."

Sai rabon allunan yabo. Shugaba ya ba Uban Taro, Uban Taro ya ba Shugaba, Sakatare ya ba Ma'aji, kowane allo da hotonsa. Uban Taro ya zo da wani aminin da ba a sa ran zuwansa ba, kuma ba a barin babban mutum hannu wofi. Da aka kira Malam Rafi'u tebur ya bushe. Aka ari na Ma'aji aka riƙa masa, aka ɗauki hoto, aka karɓe.

Sannan aka ja labule. Mastura ta fito a matsayin uwa mai jiran wasiƙar ɗanta, kuma wallahi ɗakin ya yi tsit. Ba a yi nisa ba mai gadin wurin ya leƙo.

"Halas ya jama'a, masu biki sun iso. Yalla!"

"Ya ammi, minti goma kawai, Allah yihallik," in ji Mastura daga kan dandamali, tana haɗa shi da Allah da Larabci.

Ya kashe makirfo. Manya kuwa tuni sun yi waje da allunansu, wai suna da wani taron. Ta tsaya da wasiƙar a hannu, hawaye na zuba, ana tattara kujeru a gabanta. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ɓoye muku ba.

Washegari sharhi ya fito. Malam ya ce wasan da ya gani har ƙarshe shi ne na Kwamiti, don haka shi zai duba. Ya yaba wa Shugaba kan dogon numfashi, ya ce Uban Taro gwani ne wajen shigowa a makare. A layin ƙarshe ya rubuta: "Wasan Mastura ban ga ƙarshensa ba, ba ni da ikon yin magana. Amma kukan nan na yarda da shi. Babu albasa."

Na kai mata a waya har shago. Ta karanta sau biyu, ta ce, "Tsohon nan, sai da aka kashe mini wasa sannan zai yarda." Ta juya kan keken ɗinkinta, ta daɗe ba ta taka ba.

Kwamiti kuwa, na ji sun ji daɗin sharhin matuƙa. Sun kai a sa masa gilashi, za su rataye a ofis.