Yadda Jawabin Manya Ya Cinye Albasar Inna Balaraba

Jama'a, ku yi mini jaje tukuna kafin ku yi mini dariya. Wannan rubutu da bargo a kafaɗa nake yin shi, ga mura, ga warin albasa da ya ƙi barin rigata duk da wankin da maiɗakina ta yi mata. Jiya saura ƙiris kifayen gulbin Kwara su yi walima da ni. Kuma ba iska ce ta so halaka ni ba, ba dorina ba ce. Jawabi ne.

Taron suna na je a ƙetaren gulbi, wurin surukaina. Da zan dawo Yelwa sai na shiga jirgin Cindo, maƙwabcina, wanda ya tsufa yana fito da mutane a gulbin nan. Ba fasinja da yawa, don an cika jirgin da buhunan albasa. Mai albasar kuwa Inna Balaraba ce, ita ma 'yar unguwarmu, tana zaune bisa kayanta ta ɗaure gyale a ƙugu. Ita da 'ya'yanta suka yi rani guda a tsibiri suna ban ruwa, kuma abin da ke cikin buhunan nan shi gidanta zai ci har baɗi.

Sai na ɗan yi muku bayanin oba-oba, don waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba. 'Yar rediyo ce ta hannu, ka danna maɓalli ka yi magana, ka saki ka saurara. Masu jiragenmu sun daɗe da sayen nasu da kuɗin aljihunsu, kowace tasha da layinta. Aibinta ɗaya, ba ta cin dogon zango: in ka yi nisa, ko tudu ya shiga tsakani, sai ka yi ta ihu kai kaɗai. To, bana sai Allah ya jefo mana wani kwamiti mai dogon suna, wanda in ka fara faɗinsa a Yelwa sai ka kai Shanga ba ka gama ba. Suka ce za su haɗa oba-obar gulbin nan gaba ɗaya ta intanet. Aka kafa wani akwati a kowace tasha. Akwatin ya ɗauki muryarka daga rediyo, ya zuba ta cikin data kamar yadda saƙon murya ke tafiya a waya, akwatin Warra ko na Shanga ya karɓa ya watsa wa rediyoyin da ke can. Ka danna a nan, a ji ka a can.

Wallahi na yaba, kuma har yanzu ban janye ba. Yabon gwani ya zama dole. Sai dai manyan namu, Allah ya ƙara musu basira, sun tattara rediyoyin kowa sun ɗora su bisa layi guda, suka kulle, wai don kada maganar talaka ta ɓace. Ita kuwa oba-oba ba kasuwa ba ce, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. In wani ya riƙe maɓalli, kowa sai ya yi shiru ya jira. A da mai surutu tasharsu kawai yake toshewa. Yanzu kuwa in ya danna, ya toshe gulbi tun daga sama har ƙasa.

Ashe jiyan ne ranar ƙaddamarwa, ni ban sani ba.

Muna tsakiyar ruwa, ina ba Cindo labarin ragon suna, sai muka ji ƙum! Jirgi ya girgiza, inji ya yi tari ya yi shiru. Masu bin gulbin nan sun san kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun zamanin iyayenmu, suna nan a ƙasa suna jiran mai tsautsayi. Cindo ya ja igiyar inji, ya sake ja, ya duba ƙasan jirgi.

Ya ce, “Malam, injin ya mace. Kuma katako ya tsage, ruwa na shigowa.”

Na ce, “Da yawa?”

Ya miƙo mini rabin jarka ya ce, “Kwarfe ka gani da kanka.”

Na zaro waya, ba sabis ko layi ɗaya. Amma ban damu ba, har na yi murmushi na ce, “Cindo, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ai an haɗa ku da intanet. Kira.”

Ya kunna rediyo. Sai ga murya mai ƙiba ta cika jirgin: “…tare da girmamawa ga Mai Girma Babban Baƙo, da Mai Girma Mataimakin Babban Baƙo, da Wakilin Mai Girma wanda bai samu zuwa ba saboda wani taron…”

Cindo ya danna, ya yi kira. Banza. Ya saki maɓalli, ana kan gaishe da uwargidan Wakilin.

A can bakin ruwan Yelwa an kafa rumfuna, an jera kujeru, kuma wani mai hikima ya ba da shawarar a yi dukkan jawabai ta cikin oba-oba, don a nuna wa duniya tana aiki. Ku duba ikon Allah. A da jawabin babban mutum iyakarsa inda lasifika ta tsaya, in ka gaji ka sulale ka tafi gida. Yanzu an haɗa shi da intanet, ya biyo ka har tsakiyar gulbi.

Ina kwarfa, Cindo na toshe tsaga da tsumma, ruwa ya rufe mana idon sawu. Cindo ya dubi buhuna, ya dubi Inna Balaraba, ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Inna, sai mun rage kaya.”

Ta ce, “Kai, kiyaye ni! Wanga malami ya fi buhu nauyi, kuma ba shi da kasuwa. Da shi za ka fara.”

Na ce, “Inna, ni fa da iyali.”

Ta ce, “Su buhunan nan marayu na?”

Muka ba ta baki, muka ce ta bari a gama wannan jawabin, tabbas za a samu sarari. Aka gama. Cindo na shirin dannawa sai sanƙiran taro ya rangaɗa: “Warra, Warra, kuna jin mu?” Wakilin kwamiti na Warra ya amsa cewa suna ji tangaram, kuma tunda Allah ya ba shi wannan dama, ba zai saki maɓalli ba sai ya yi godiya. Ya fara daga tarihin garin. Ruwa ya kai ƙwauri. Inna ta rufe fuska da gyale, Cindo ya mirgina buhun farko, ya faɗa tsundum.

Daga nan abin ya zama tsari. Babban mutum ya tashi, buhu ya sauka. Na Shanga ya ce ba za a bar su a baya ba, buhu ya sauka. Wani ya karanto sunayen 'yan kwamiti da na ƙaramin kwamiti da na kwamitin shayi, wannan kam shi kaɗai ya ci buhu biyu. Don in rage mata zafi sai na ce, “Inna, yau dai albasa ta yi halin ruwa.” Kallon da ta yi mini, na gwammace in koma kwarfata.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni, kuma tausayin matar nan ya fi tsoron. Ba ta yi kuka ba. Duk buhun da aka jefa sai ta bi shi da ido yana lilo bisa ruwa har ya yi nisa, tana motsa baki. Na san wahalar ban ruwan albasa, na san yadda hannuwan 'ya'yanta suka faffashe.

Sai ga Mai Girma Babban Baƙo da kansa. Muryarsa har rawa take don tausayin talakawa. Ya ce daga yau an gama, ba wani bawan Allah da zai sake shiga matsala a gulbin nan ya rasa mai jin sa. Ya ce da zarar talaka ya danna maɓalli, kukansa ya iso kunnen hukuma. Ya maimaita da Turanci don 'yan jarida. Duk wannan lokaci babban yatsan Cindo na bisa maɓallin, har ya yi fari.

Can sai sanƙira ya ce, “Jama'a a yi tsit. Yanzu za mu ji kiran neman agaji.” Layi ya yi shiru.

An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Cindo ya danna ya kwarma: “Jama'a a taimaka! Cindo na! Mun hau kututture ƙasa ga tsibiri, inji ya mace, ruwa na cin mu! Da mace cikin jirgi!”

Ya saki. Abin da ya fito daga rediyo tafi ne, raf-raf-raf, har da guɗa.

Sauran labarin kuwa, Hafizu ne ya ba ni daga baya, wani ɗan kabu-kabu na layinmu. Ashe kwamiti ya shirya wasan kwaikwayo. An ɗauko Hafizu an zaunar da shi cikin ƙaramin kwale-kwale dab da gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, aka ba shi rediyo, aka ce in an ba da alama ya yi ihun neman taimako. Bai kai ga buɗe baki ba sai ihun Cindo ya fito ta lasifika. Manya suka yi ta jinjina kai, wai yaron nan ya iya wasa, kamar gaske. Sabon jirgin ceto mai sheƙi ya yi jiniya, ya zagaya gaban masu ɗaukar hoto, ya tsamo Hafizu, aka lulluɓe shi da bargo.

Hafizu ya ce da direban jirgin ceton, “Ba ni na yi kira ba, Cindo na, na san muryarshi! Mu tai!”

Direba ya ce man da aka zuba masa na zagaye ɗaya ne, sauran kuɗin mai an yi lemo da shi.

Mu kuwa muna ji sanƙira ya shelanta cewa alhamdulillahi an ceto wanda ya yi kira, yana cikin ƙoshin lafiya. Cindo ya dubi ruwan da ya kusa gwiwarsa ya ce, “Malam, barka. An ceto mu.” Ya danna don ya ƙaryata, amma ina, an shiga jawabin godiya.

To, a nan ne zan yi adalci. Wannan ihu guda da ya samu ya kutsa, akwatin bai ci amanarsa ba. Ya kai shi wata tunga ta masunta da ke can ƙasa, wadda a da ko da wasa rediyon Cindo ba ta isa can. Su ba su ga rumfa ba, ba su san da wasa ba, sun dai ji mutum na cewa ruwa na cin sa. Ba a jima ba muka hango jirage biyu sun taso da gudu. Suka kwashe mu, suka kwashe ragowar albasa, suka ɗaure jirgin Cindo suka ja. Ba wanda ya yi jawabi a cikinsu. Babbansu “sannunku” kawai ya ce, ya miƙa wa Inna tabarma ta zauna.

Muka iso Yelwa jiƙe sharkaf, ana rabon lemo. Da aka raɗa wa Mai Girma cewa kiran na gaske ne, na ɗauka zai ji kunya. Haba! Fuskarsa ta washe, ya ɗaga hannu ya ce, “Kun gani? Ranar farko, ceto biyu!” Aka sake tafi. Aka jawo Inna Balaraba gaban masu hoto, ya miƙa mata rediyo da hannunsa mai albarka, ya ce ta yi wa kwamiti godiya gulbi duka ya ji.

Ta juya rediyon ta ce, “Nan aka dannawa? Kuma kowa na ji?”

Aka ce har Warra.

Ta danna ta ce, “Masunta, Balaraba ta, ta Yelwa. Albasata na bisa ruwa, ta yi ƙasa. Buhuna masu jan zare a baki. Wanda duk ya gani ya tsamo min don Allah, ya buɗe ya shanya kada ta ruɓe.” Ta saki.

Mai Girma ya miƙo hannu zai karɓa, ta noƙe ta ce ya dakata, amsa take jira. Sai ga ta kuwa. Wani ya ce buhu ɗaya ya faɗa komarsa ta kamun kifi, yana tsammanin giwan ruwa ne. Wani ya ce ga wasu sun maƙale a ciyawa kusa da tungarsu, yara sun tafi ɗaukowa. Wani tsoho daga Warra ya ce in sauran sun iso wajensu za su tare, amma ta yafe masa 'yar ta miya. Kowa kalma kaɗan, ya saki, na gaba ya shiga. Sai a lokacin na ga Inna ta sa bakin gyale ta share ido.

Yau da hantsi na leƙa gidanta, na tarar tsakar gida shimfiɗe da albasa. Ba duka ta dawo ba, wadda ta dawo ma dole a sayar da ita da wuri a kan kowane farashi. Ta ce bana sai dai a yi maneji, amma ba za a kwana da yunwa ba. Ta ba ni 'yan ƙwarori na kawo gida, ta ce ladan kwarfa.

Kwamiti kuma, na ji an ce, ya gamsu matuƙa da nasarar da aka samu, har ya yanke shawarar ba kowane mamba rediyonsa na kansa, kuma za a sake ƙaddamarwa a kowace tasha ɗaya bayan ɗaya. Allah ya saka musu da alheri. Shawarata gare ku ita ce, a da kafin mu shiga jirgi sama muke dubawa mu ga ko hadari ya haɗu. Yanzu ku fara leƙa bakin ruwa. In kun ga ana sauke kujeru, ku koma gida sai gobe.