Yadda Na Binne Ruwan Gwajin Ladi

Ko tsufa ya kwashe min komai a kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kunyata kaina a asibiti ba.

'Yata Ladi, mai sayar da gishirin Keana a kasuwar Lafiya, ta ji ƙullutu a nono. Na raka ta. Likita ya ce jakar ruwa ce, ya zuƙe da sirinji, ya zuba a 'yar kwalba. Ya ce irin wannan ruwan wani lokaci yakan ɗauko sinadaran da ke sa tsoka ta yi ta girma, don haka za a gwada nata a ga ko akwai abin tsoro, ko hanyar ciwon daji ce. Ladi na jin jiri, sai aka miƙa min kwalbar in kai ɗakin gwaji.

To ni a Adogi na tashi. A wurinmu abin da ya fito daga jikin mutum ba a barin shi a hannun baƙo, ko gashi ne ko farce, balle ruwan nono. Na leƙa tagar ɗakin, na ga wani saurayi mai gemu yana dariya a waya (har yau ban san laifin da ya yi min ba). Na cusa kwalbar a lalitata. Muna isa gida na binne ta a gindin mangwaro kamar mabiyiya, har da addu'a. Na ce wa Ladi na kai.

Bayan mako biyu muka koma karɓar sakamako. Aka duba littafi, babu sunanta. Likita ya hau yi wa mai gemun nan faɗa a gaban jama'a, bawan Allah yana ta rantsuwa. Ladi kuwa kwana goma sha huɗu ba ta iya cin abinci ba. Ta juyo ta dube ni.

"Mama, wa kika ba?"

"Ƙasa," na ce. "Amma na haƙa da zurfi."

Wata nas ta tsuguna don dariya. Likita ya ce kar in wahala da tonowa, ruwan ya lalace, jakar kuma ta riga ta bushe. Dole Ladi ta riƙa zuwa ana ɗaukar hoton nonon lokaci-lokaci, da fargabar da ni na saya mata. Har yanzu lafiyarta lau, alhamdu lillahi, amma da ƙanwarta take zuwa.

Na koyi cewa magaucin da nake tsare ta daga gare shi, ashe shi ya rako ta asibiti, da ɗan kwalinsa.