Kansila Labbo da Layin Surukai

"Ni da na zauna majalisar dokoki a Sakkwato, na ɗaga hannu aka ƙirga da ni, yau dillalin hatsi ne zai ja da ni a kan kujerar kansila? Duk garin da ke tsakanin Bilbis da 'Yankuzo, ko na auro ko na aurar. Surukaina kaɗai in sunka yi layi sai an ƙaro fili."

Labbo ke nan, Honarabul Labbo in kana son ya amsa sallamarka. Majalisar da yake tinƙaho da ita kuwa, waɗanda suka zauna kusa da shi sun ce sau ɗaya aka taɓa jin muryarsa, ranar da ya roƙi a rage sanyin ɗakin don ƙafarsa na tsami. Ba su ma daɗe ba soja suka kore su. Ya dawo gida da tumbi da sabon salon tafiya, ya lallaɓa ya samu kansila a wata mazaɓa ta ƙasar Tsafe. Aikin da ya yi a kujerar kwalbati ne guda, ruwan farko ya tafi da shi. Shi ya sa in ya ba da baya sai ka ji ana "Kwalbati ya wuce."

Kada ka raina kujerar nan. Ita ce kaɗai ta rage masa. Da ita yake zama a tabarmar gaba wurin ɗaurin aure, da ita yake shiga mota zuwa Gusau ya wuni a barandar manya, tun da ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, kowa na neman wurin raɓawa. In ta kuɓuce, sai sunan Honarabul, shi kuma ba a dafa shi.

Sai jam'iyya ta ce za a fid da ɗan takara ta hanyar ƙato bayan ƙato: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga. Abokin karawarsa Sahabi ne, dillalin hatsi, wanda shi ma ba wani wayo ne ya dame shi ba, sai dai ya san ya bi gida gida ya gaishe da mutane.

Labbo bai bi gidan kowa ba. Aike ya yi wa surukai, na sama da na ƙasa: iyayen matansa da danginsu, da mazan 'ya'yansa, da yake Allah ya ba shi 'ya'ya mata kamar ya roƙa. Da mutanen unguwa suka zo suna tambayar ko yana bukatarsu, ya kaɗa hannun riga ya ce layinsa ya riga ya cika, wannan harka ce ta cikin gida. Mutane suka ce to madalla, suka nufi wajen Sahabi.

Yanzu kai ka duba. Mutum an haife shi a ƙasar nan, ya yi furfura a cikinta, amma zaman kujera mai laushi ya mantar da shi abin da ake nufi da suruki.

Ranar zaɓe da hantsi aka taru a filin makarantar firamare. Gaskiya surukai sun zo, ba su ba shi kunya ba. Labbo ya fito cikin wata babbar riga da ta sha sitaci, tana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Jam'iyya ta turo wani ma'aikaci daga Gusau, Ayuba, mutum mai biro a kunne da ƙarancin magana. Ya faɗi doka a taƙaice: wanda ke tsaye, cikin jeri, ba tazara, shi za a ƙirga.

Dabarar Labbo ta farko ita ce ya sa Malam Rabi'u, mahaifin uwargidansa, a kan gaba, don jama'a su ga dattijon da ke mara masa baya. Tsohon na isowa kuwa, ƙafafun Labbo suka yi abin da suka saba tun yana ango: takalmi ya fita, gwiwa ta kai ƙasa. Aka shiga gaisuwa, gida da gona da bisashe, ɗan takara na durƙushe sitaci na kakkaryewa. Ayuba ya ce a miƙe, lokaci na tafiya. Labbo ya miƙe ya juya, sai ga Malam Rabi'u hancinsa na neman taɓa wuyan mijin 'yarsa.

Tsohon ya ja da baya. "Subhanallahi. Ni da gemuna in tsaya ina kallon ƙeyarka gaban jama'a? Bari in koma gindin darbejiya in yi maka addu'a, ta fi ƙuri'a."

Ya tafi. 'Ya'yansa da ƙannensa suka ga ba zai yiwu tsoho na zaune su suna tsaye a kansa ba, suka bi shi. Iyayen sauran matan suka ce ai abin da Malam ya yi shi ne daidai. Kafin Labbo ya mayar da takalmi, rabin layinsa na inuwa sun ɗaga hannuwa sama suna amin.

Labbo ya ce ba komai, mazan 'ya'ya sun isa. Ga su can nesa sun yi cirko-cirko, kowa takalminsa a hannu. Ya juya ya yafuto su. Idonsa na sauka kansu suka zube ƙasa gaba ɗaya kamar an sare su.

"Ku tashi ku matso."

"To, Baba."

"Na ce ku tashi."

"Mun tashi, Baba," in ji babbansu, yana ƙara sunkuyar da kai.

Ayuba ya ciro biro daga kunne ya tambaya ko waɗannan zaɓe suka zo ko gaisuwar rasuwa. Labbo ya hau shi da bayanin cewa a majalisa ko a zaune mutum yake ana ƙirga shi, shi ganau ne. Ayuba ya ce nan ba majalisa ba ce, filin firamare ne. Labbo ya koma kan surukai da faɗa, yana kiransu ragwaye, masu cin tuwon gidansa ranar sallah. Duk tsawar da ya daka sai su ƙara yin ƙasa, har na ƙarshensu ya kusa kwanciya.

Can dabara ta zo masa. Ya ce ashe idonsa ne ke kayar da su, kwarjini ne ya yi yawa. Ya ba da umarni su jeru, shi zai fuskanci gabas, ba zai ƙara waiwayowa ba sai an gama ƙirga. Ya juya, ya buɗe kafaɗu, ya kafe.

Suka miƙe kuwa. Amma wa zai zama na farko, ya manna ƙirjinsa da bayan uban matarsa? Babban ya ce ƙaramin ya shige gaba, shi ne sabon ango. Ƙaramin ya ce ina shi ina wuce yayyensa, ya zagaya ya koma can baya. Wanda ya tsinci kansa a gaba shi ma ya zagaya. Haka suka yi ta yi, na gaba na komawa baya, layi na tafiya da baya da baya, har ya ƙetare filin. Layin Sahabi kuma tsawo ya sa ya lanƙwasa ta jikin katangar makaranta. Nan wutsiya ta haɗu da wutsiya. Mutanen Sahabi, da yake suna da karamci, suka matsa musu.

Ayuba ya faro ƙirga daga bayan Sahabi, yana tafe yana taɓa kafaɗu. Ya ga jeri bai yanke ba, kowa na tsaye, ba tazara, ya ci gaba har kan babban cikin mazan 'ya'yan Labbo. A cikinsu wa zai ɗaga murya uban matarsa na jin sa?

Shi kuwa Labbo yana can yana jin numfashin mutum a wuyansa, har da ɗumi. Ya ce a ransa layi ya matse, har ana turo na gaba. Ya ƙara turo tumbi, yana murmushi, yana shirya jawabin da zai yi a Gusau.

Ayuba ya iso ya ce yana iya juyowa.

Mutum ɗaya ne a bayansa: Tukur, taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa, wanda tun suna yara ba ya ganin Labbo da gashi a ka. Yana tsaye yana shan rake.

Ayuba ya ɗaga biro zai rubuta, Tukur ya tare shi. "A'a, malam, kada ka sa ni ciki. Inuwa na zo sha. Duk filin nan ba abin da ya kai rigar wanga bawa nawa faɗi."

Dariya ta tashi har gindin darbejiya, inda masu addu'a suka shafa suka fara neman takalmansu. Labbo ya bi layin Sahabi da ido, yana ganin mazan 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ido na haɗuwa sai ya durƙusa, yanzu da an riga an ƙirga shi. Can wajen da tsofaffin mata suka jeru sai ya hango Iya, mahaifiyarsa, da sandarta. Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye gaban mutane.

Ya ja riga ya isa wurin. "Iya, har da ke?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya wajen matar da ke kusa da ita.

"Ce wa wancan, ni ba mara kunya ba ce da zan tsaya bayan ɗan fari duniya na kallo. Ki kuma ce masa tun da ya samu sarari, dawa na can gona tsaye sahu-sahu, ita ba ta durƙusa wa kowa. Ya tuɓe wagga riga ya ɗauki magirbi, ya je ya tsaya gabanta."