Kifin da na dafa wa masu hana kamun kifi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da 'yan ƙungiyar kula da tafki suka ci abinci a gidanmu, a ƙauyenmu na bayan Taura. Lokacin sojoji ne ke mulki, Malam mijina yana da rai (Allah Ya jiƙansa, ku bar ni in share hawaye).

Mutanen nan ba na gwamnati ba ne. Sun zo daga Dutse, suka tara maza a gindin tsamiya, aka hana kamun kifi da damina, aka naɗa Malam shugaban masu tsaro. In an kiyaye, za a ba gari kwale-kwale. Mu mata ba wanda ya kira mu. Malam kuwa in ka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Ajiye kifin ake yi." Ajiyewa domin wa? Ni a sanina, abin da aka ajiye na baƙo ne, kamar zakaran da ake hana yankawa.

Da aka ce suna tafe dubawa, sai na tafi wurin ƙanena Sale, masunci.

"Yaya, an hana fa," in ji shi.

"To don wa aka hana, in ba don su ba? Ɗauki komarka, kada ka ba ni kunya."

Na yi tuwon dawa, na yi miyar kifin da ya kamo da daddawa har maƙwabta suna leƙe. Maza suka ci a zaure, shugabarsu, wata Hajiya mai tabarau, ta ci a ɗakina har da ƙari. Da ta fito sallama, a gaban kowa ta ce, "Inna, a Ringim kika sayo kifin nan?"

(Da na yi shiru ma, da an wuce wurin.)

Na ce, "Haba 'yar nan, ga naku a ajiye? Na tafkinmu ne, na yau. Masu ƙwai zalla na zaɓo muku."

Wani cikin baƙin yana tsotsar ƙaya, sai ya ajiye ta a hankali. Malam ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

Kwale-kwale ya tafi wani ƙauye. Da aka buɗe tafki, Malam ya yanke wa kansa hukuncin da ya saba yanke wa wasu, bai jiƙa ƙafa a ruwan ba har kaka ta wuce. Ni kuma har yau a kasuwa "Inna Mai Ƙwai" ake ce mini. Bai taɓa yi mini faɗa ba, abin da ke sa ni kuka ke nan, da haushi kuma. Kalma biyu fa, Malam, da ka ce mini hayayyafa suke yi da damina.

Tun daga nan, in na ji maza sun kafa doka, sai na tambayi dalilinta kafin in ɗora tukunya.